Yadda Za Ki Zaɓi Maganin Rage Ƙiba Ki Kashe Kasuwarki da Hannunki

Sirajuddeen mai kemis na bakin tashar Kalgo, kai ka cuce ni, kuma ba na yafewa sai ka zo. Na shiga shagonka da jikina cikakke, ƙofar ma sai da na karkace kafin ta karɓe ni. Yau ga ni iska na kaɗa mini riga kamar an shanya ta a igiya. Kai ne sanadin da aka ba ni maganin rage ƙiba, maganin kuma ya yi aiki. Wa ya gaya maka ina son ya yi aiki?

Ni ce Gwaggo Albarka mai gyaran amare a Gwandu. Ban yi boko ba. Rabi maƙwabciyata ce ke riƙe da biro, na kuma gargaɗe ta cewa abin da na faɗa shi za ta sa, ko da zagi ne. Tunda abin ya riga ya same ni, na ce bari in nuna wa 'yan'uwana mata hanya. Ke mai neman maganin rage ƙiba, bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kada ki tsallake ko guda. Na yi miki alkawari, ni kuwa ba a san ni da saɓa alkawari ba: za ki rame, za ki ji garau, kasuwarki kuma za ta mutu murus kina tsaye kina kallo.

Mataki na 1: Ki fara duba ko ƙibarki ce ke ciyar da ke

Akwai ƙibar banza, akwai ƙibar sana'a. Tawa ta sana'a ce.

In kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, aka fara sa ranakun biki, iyaye kan kawo mini 'yan matan da za a aurar, daga cikin gari da ƙauyukan kewaye, su zauna wurina kafin a kai su ɗaki. Yarinya ta zo kamar sillen kara, ta koma kumatu na sheƙi, dangin miji su ce lallai gidan nan ana ci. Gumbar gero da dabino da aya. Kunun gyaɗa mai kaurin da ludayi ke tsayawa a ciki ba a riƙe shi ba. Kindirmo daga ruga, man shanu, 'yan shila, hulba kaɗan. Sauran haɗin daga kakata na gada, kuma ba a nan za ki ji shi ba.

Masu shago suna kafa allo a rubuta sunansu. Ni ban taɓa kafa allo ba, ni ce allon. In uwar amarya ta yi sallama ta same ni na cika tabarma, damtsena na rawa ina dama kunu, ba ta ƙara tambayar komai. Alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba. To, in ke ma haka kike, madalla, kin dace da wannan darasi. Wadda ba ta da abin asara ta je ta rame, ba ruwana da ita.

Mataki na 2: Ki haifi ɗiya, ki bari ta yi karatu, ki aurar da ita a Kalgo

Wannan matakin yana ɗaukar lokaci, amma ba makawa. Tawa sunanta Ummulkhairi, tana aiki a wani ofis a jami'a, ta kuma dawo da wata sabuwar ɗabi'a ta kallon uwarta kamar tana duba kayan da za su lalace.

Ta zo ta tarar ina salla a kan kujera, kamar yadda na daɗe ina yi, don gwiwoyina sun daina lanƙwasuwa tun tuni. Ta jira na sallame.

"Inna, gwiwar nan fa kuka takai."

"Taki ko tawa?"

"Ga hawan jini. Ki ji numfashinki, kamar ana hura wutar maƙera."

"Ke, wanga jiki shi ya kai ki makarantar da kinka koyo raina shi."

Ba ta ji ba. Ɗiyar zamani ba ta gardama da ke, sai dai ta maimaita. Ta zo ta faɗa, ta koma ta bugo waya ta faɗa, ta sa mijinta ya gaishe ni ya ɗan faɗa a ƙarshe. Ki sani, ba ƙiba ce ke kai mace neman magani ba, mita ce.

Mataki na 3: Ki nemi maganin da ba ya aiki, ki riƙe shi da hannu biyu

Nan ne ilimin yake, ki buɗe kunne.

Maganin kirki alamominsa a fili suke. Ana sayar da shi da lasifika ranar kasuwa. Yana da ɗacin da ke sa idonki hawaye, don ki san ba wasa aka sayar miki ba. Yana maganin abubuwa da yawa a lokaci guda: ƙiba, rama, basir, ciwon baya, faɗuwar gaba da mantuwa. In kin ji magani na rage ƙiba kuma yana ƙara ƙiba, to shi ne mai adalci, don zai bar ki inda ya same ki.

Nawa na Atiku mai lasifika ne, Allah ya yi masa albarka. Jarka guda, ruwan kamar na tafki. Nakan ajiye ta a bakin ƙofa inda Ummulkhairi za ta fara gani. In ta bugo waya in ce, "Yanzu na sha." Ban yi ƙarya ba, na sha. Ta samu kwanciyar hankali, Atiku ya samu ciniki, ni ban rasa ko tsoka guda ba. Kowa ya san yadda abin yake. Atiku ya sani, ni na sani, ba wanda ya taɓa tona wa wani. Wannan shi ake kira zaman lafiya.

Kuskurena ɗaya: na bar jarkar a buɗe. Ummulkhairi ta zo ta sunsuna, ta yamutsa fuska.

"Inna, kin san abin da ke cikin wanga ruwa? In ya taɓa miki ƙoda fa? Shirya, Kalgo za mu, wurin wanda ya san magani."

Mataki na 4: Kada ki amince da siririn mai magani

Mun sha mota, muka sauka Birnin Kebbi muka sake wata, direba na ta kallon tayar da ke ɓangarena yana salati. Muka isa shagon. Ga fanka, ga kwalaye a jere, ga wani dogon saurayi a bayan kanta, wuya kamar na zalɓe, agogo na yawo a hannunsa. Shi ne Sirajuddeen. Da na gan shi sai da tausayi ya kama ni. Na ce a raina, wannan uwarsa ba ta kyauta ba.

Aka kira Ummulkhairi a waya ta fita waje. Na matsa kusa, na rage murya, na yi masa magana irin ta manya.

"Ɗana, ka ga dai yadda abin yake. Ka ba ni mai kwali mai kyau, mai tsada in ka so, mai ɗaci in akwai. Amma wanda bai aiki."

Ya zaro ido. "Inna, wanda bai aiki?"

"Kai dai ka gane. Don yarinyar nan ta bar ni in sha iska."

Na ƙyafta masa ido. Duk ɗan halak da ya tashi a gaban manya ya san abin da zai yi: ya ɗauko wani abu, ya naɗe, ya ce safe da yamma, Allah ya ƙara lafiya. Shi kuwa sai ya yi dariya har maƙogwaronsa na hawa da sauka, ya ce, "Wallahi Inna ba ni da irin shi. Kuma wanga magani ko mai aikin ban ba ki sai likita ya duba ki, don ba kowa yaka karɓa ba."

Da ya tsaya nan da da sauƙi. Ummulkhairi na shigowa ya buɗe baki: "Aunty, kin ji abin da Inna ta ce in ba ta?"

Ya faɗa duka. Har ƙyafta idon sai da ya kwaikwaya.

Rabi, bar dariya ki rubuta. Tsohuwa ta ba ka amanar magana, ka kwance mata zani a gaban ɗiyar cikinta. Ko ɓarawon akuya bai yin haka.

Mataki na 5: In likita ta tambaye ki, ki shirya jin abin da bai kamata ba

Daga shagon sai asibiti. Aka ɗora ni a kan sikeli kamar buhun shinkafa, malamar da ke dubawa ta ce in sauka, ta bubbuga shi, ta ce in sake hawa. Aka ɗaure mini hannu da wani abu mai kumbura, aka ɗebi jinina, aka ba ni 'yar kwalba aka nuna mini bayi. Ba zan faɗi abin da aka ce in zuba ba.

Likitar mace ce, ba ta fi sa'ar Ummulkhairi ba. Tambaya kamar a gaban alƙali. Ina da ciwon suga? Ƙoda fa? Me nake sha na hawan jini? Me na taɓa sha ya ba ni ƙaiƙayi? Sannan ta dube ni ba ko kunya ta ce, "Inna, ba ki da juna biyu dai ko? Kowa muke tambaya."

Na ce, "Ɗiyata, wanga ciki duk tuwo ne."

Ta rubuta magani, ta ce wannan shi ya dace da jikina da sauran magungunan da nake sha, wata mai irin ƙibata ba lallai shi za a ba ta ba. Ta ce kuma shi kaɗai ba ya isa, sai na rage maiƙo, na rage tuwon, na riƙa tafiya, na riƙa dawowa ana dubawa.

Na ce, "To mi ne amfaninshi in sai na taya shi aiki? Na Atiku bai taɓa neman taimakona ba."

Ki lura da wannan hikima: duk maganin da ya zo da sharaɗi, niyyarsa ba ta da kyau.

Muka koma wurin mai wuyan zalɓe da takardar. Ya miƙo kwalin da hannu biyu, har da cewa, "Allah shi sa a dace, Inna." Addu'ar kuma ta ci.

Mataki na 6: Ki yarda ki yi damina a gidan ɗiyarki

Da damina ba a kawo amare, kowa na gona. Ummulkhairi ta san haka, ta ce in zauna Kalgo har a gama ruwa. Na ce to, don na riga na shirya dabara: ƙwaya a ƙarƙashin harshe, in ta juya baya in ba kaji.

"Buɗe baki, Inna. Ɗaga harshe."

Ni! Ni da na ƙirƙiro wannan dubawar don amare masu ɓoye gumba a kumatu su je su tofar a bayan ɗaki. Ashe tana ƙarama tana kallo tana koya.

Kwanakin farko zuciyata ta yi ta tashi, muka koma wurin likita, ta gyara yadda zan sha, abin ya lafa. Da la'asar kuma a fitar da ni yawo gefen gonakin shinkafa kamar tunkiyar da ake koya wa hanya, yara na gaishe ni, ni ina haki ina amsawa.

Amma ki san muguntar maganin nan, ba a ciki take ba, a rai take. Na zo da 'yar kwalbar man shanu a ƙasan kayana, na ce ko sun hana ni a kwano zan lasa a ɓoye. Wata rana Ummulkhairi na shara ta ci karo da ita. Ta ɗaga, ta duba, ta dube ni. Kwalbar a cike take. Ban taɓa ba. Na manta da ita ne, ni Albarka, na manta da man shanu. Ranar na san an gama da ni.

Mataki na 7: Ki koma gida ki karɓi gaisuwar jinyar da ba ki yi ba

In da a gabansu na riƙa raguwa kaɗan-kaɗan, da ido ya saba. Amma na bar Gwandu a cike, na dawo da kaka a rabi.

A tasha, ɗan kabu-kabun da ya saba cewa tayarsa ba iska duk ranar da ya hango ni, shi ya fara rugowa. "Baƙuwa, wace unguwa?" Na ce unguwar uwarka, ya gane murya ya kusa sakin babur.

Kafin in kwance kaya mata sun cika tsakar gida. "Sannu Gwaggo." "Ashe haka kinka sha jiki, ba mu ji ba?" "Mi likitoci sunka ce?" Na ce lafiyata lau, magani na sha. Suka kalli juna, suka ce, "Allah shi ƙara sauƙi." Wata har da share ido. A garinmu mace ba ta ramewa da gangan. Ko ciwo, ko sammu, ko 'ya'yanta sun yar da ita. Na rantse, na sake rantsewa, rantsuwar ma suka ce ƙarfin hali ne.

Sai ga kwano daga gidan Ladi. Ladi ita ce ke bin sawuna a sana'a, wadda ta koyi gumba ta hanyar leƙe, kununta kuwa za ki hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Duk daminar nan tana zaune tana ci, yanzu ita ke karkacewa a ƙofa. Ta aiko mini da gumba. Ni. Wai in daure in sha ko na farfaɗo.

Mataki na 8: Ki yi ciko, amma ki cire awarwaro

Labari ya zo cewa Hajiya Halima Sadiya ta Maruda za ta kawo ɗiyar ƙaninta, Fatimatuzzahra, da za a aurar. Ki gane, Halima Sadiya ba amarya guda ba ce. Inda ta kai tata, nan duk ƙauyukan gefen suke kai nasu. In ta juya mini baya, bana ko kaza ba za a kawo mini in gyara ba.

Na shirya. Zani a kan zani a kan zani. Rigar sanyi a ciki, ga rana na dukan kwano. Filo a baya, tsumma a kowace kafaɗa, mayafi na naɗe wuya har haɓa. Na zauna a lungun da haske bai kai ba, na ɗora ƙwaryar kunu a gaba. Rabi ta leƙo ta ce wallahi na dawo.

Suka yi sallama. Hajiya ta zauna da ƙyar, tana dafa bango tana "wash", don ita ma Allah ya yi mata jiki. Muka gaisa, komai na tafiya daidai. Na ɗauki ludayi in dama musu su ɗanɗana.

Awarwarona na azurfa, wanda ya daɗe da nutsewa cikin tsoka har na ɗauka tare za a binne mu, ya sulale ta kan yatsuna, ya faɗa cikin kunu. Tsulum.

Da na zauna shiru da na ce sirrin haɗi ne. Amma jikin nan sabo bai san dabara ba. Na miƙe zumbur in ɗauko wani ludayi, ban dafa bango ba, ban ce wash ba, ban kira sunan kowa ya kama ni ba. Filo ya faɗo. Zani na sama ya bi shi.

Amarya ta cusa fuska a mayafi kafaɗunta na rawa.

Hajiya ta ce, "Albarka, ke ce ko ƙanwarki?"

"Ni ce, Hajiya. Kunun nan dai shi ne wanda kinka sani."

"To wanda kununshi bai riƙe shi ba, yaya za shi riƙe ɗiyarmu?" Ta nisa. "Don tsohuwar zumunci, ban yanke ba tukuna. Bikin sai an gama sussuka. Ki nuna muna mutum guda da kununki ya cika bana, mu gani da idonmu, in bar miki ita. In babu, Ladi na nan."

Na raka su zaure. Amarya ta yi gaba. Hajiya ta tsaya, ta waiga hagu da dama, ta kama hannuna, ta rage murya.

"Ke, yadda kinka tashi ɗazu ba ki dafa komi ba. Ina shagon yaron da anka ce ya ba ki magani yake?"

Kin ji. Kin ji abin da aka mayar da ni. An sauke ni daga allon kaina an kafa ni allon Sirajuddeen, a tsakiyar Gwandu, ba ko sannu.

Mataki na 9: In an ce ki mayar, ki ce a'a, kada ki ba da dalili mai tsawo

Rabi ta ajiye biro yanzu ta ce, "To Gwaggo, ki sha kununki mana ki koma yadda kike." Ɗauki biro, Rabi, wannan ma a rubuta.

Wata asuba a Kalgo, ana ruwa, na tashi salla na nemi kujerata ban gani ba, an fitar da ita waje ta jiƙe. Na ce bari in gwada. Na yi ruku'u. Na sauka. Goshina ya taɓa ƙasa. Na daɗe a wurin, har Ummulkhairi ta tsorata ta taɓa ni. Rabon da in ji sanyin ƙasa a goshina tun ba a yi mata aure ba.

Wannan ba na mayarwa. Ko amaren duniya za a tara mini a tsakar gida.

Amma don na ji daɗin abu ba shi ke nuna ba a cuce ni ba.

Gargaɗi

Duk wadda ta bi matakan nan ta rame, zanenta ya zame a gidan biki, dangi suka taru yi mata addu'a, ko ta wayi gari tana tsallake kwata kamar budurwa, kada ta zo ƙofata. Ni ba likita ba ce, ban ba kowa magani ba, ban faɗi sunan ƙwaya ba, ba kuma zan faɗa ba ko an bi ni zaure. Ta je a ɗora ta a kan sikeli, a tambaye ta juna biyu kamar yadda aka tambaye ni. Wadda kuma ta tsaya a mataki na uku ta sha ruwan jarka ya taɓa mata wani wuri, ita da Atiku, yana nan ranar kasuwa, ba a rasa jin muryarsa.

Saura kai, Sirajuddeen. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ba kuɗinka nake so ba, ba haƙuri nake so ba, kada ka aiko Ummulkhairi da gaisuwa. Na yi maka allo, sai ka yi mini. Ka bar wa wani shagon, ka hau mota ka zo Gwandu da wuyan nan naka da agogon da ke yawo. Na shimfiɗa maka tabarma a zaure inda duk mai wucewa zai gan ka tun kana kara. Kunu da safe, gumba da hantsi, 'yan shila da rana, kuma zan duba ƙarƙashin harshe. In kununa ya cika ka, ba mahaluƙin da zai sake shakkata daga nan har Maruda.

Hajiya ta ce sai an gama sussuka, an kuwa fara. Na jiƙa gero. Ka zo da kanka, ko in zo in ɗauke ka. Ka dai san yanzu ina iya tafiya.